Layi Ɗaya

Ranar farko a ajin zane, a Marwa,
Malam Hamajoda ya raba mana farar takarda,
ya ce, "Ku ja layi ɗaya. Shi ke nan."
Na yi dariya a ciki. Ni da na zo zana bene?

Na ja. Ya leƙa, ya ce, "Wannan kwanciyar maciji ce."
Na sake ja. Ya ce, "To, yanzu macijin ya tsorata."
Har azahar ina goge-goge,
takarda ta huje, fensir ya koma guntu,
sefa ɗari biyu ta tafi a kan layi guda.

Sati na uku ya koya mana sikeli:
santimita ɗaya a nan, mita ɗaya a can.
Na auna ɗakin Inna a Domayo,
sai ga shi ya shige tafin hannuna,
har da gadon ƙarfe, har da randar bakin ƙofa.
A nan na gane dalilin tarinta:
tagar bango take kallo, iska ba ta da hanya.
Shekara ashirin ina shiga ina fita,
sai da na zana shi na gan shi.

Aka kwashe mu zuwa Pus, bakin kogin Logon,
mu auna ɗakunan laka masu tsini,
tsaye kamar ƙwai da ya ƙi faɗuwa.
Na zaro rula,
rula ta rasa inda za ta kwanta.

Goggo Ashta na gefe tana kwaɓa ƙasa.
Na ce, "Ina takardar ginin?"
Ta ɗago hannu biyu, laka har gwiwa.
Na ce, "Tudun-tudun nan na jikin bango, ado ne?"
Ta ce, "Tsani ne, ɗana, da shi nake hawa yaɓe.
Da damina kuma hanyar ruwa ce.
Abin da ba ya aiki ba na ba shi laka."

Na rubuta wannan a bayan littafi,
ƙasan lissafin da ya gagare ni.

Daren jiya, wuta ta ɗauke, na kunna tocila,
na sake shimfiɗa ɗakin Inna a kan tebur.
Ban ɗora masa bene ba.
Faɗin farce na goge a bangon arewa,
na buɗe taga.

Layin bai miƙe sosai ba, Malam zai yi magana.
Bari ya yi.
Gobe da safe zan biya wajen Jingi magini
in ji nawa ne kuɗin fasa bango.