Mai Jar Tuta a Dogon Ƙarfe

Shekaru dogo na kwance yana barci,
ciyawa ta rufe ƙarfe, akuya ta bi ciyawa.
Mama Kaneng ta kasa dankali a tsakiyar layi,
makanikai na shanya tsummokaransu a kai.
Yaran da aka haifa bayan wucewar jirgin ƙarshe
sun girma, sun yi gemu, sun yanki lasin,
ba su taɓa jin kukansa ba.

Sai jirgi ya dawo.
Aka ba ni jar tuta, da usur, da doguwar gora mai fenti,
aka ce, Tanimu, tsare mana mahaɗa.
Ni kaɗai, da tarina,
da rigar sanyin da ta huje a gwiwar hannu.

Na san su duka.
Akwai mai tifar yashi,
wanda ke ganin duk Jos ba abin da ya fi shi nauyi.
Akwai mai baƙin gilashi, waya a kunne,
yana ɗaga mini yatsu biyu,
wai minti biyu ma asara ce.
'Yan acaɓa kuwa ruwa ne,
ka toshe nan su ɓulla can,
su sunkuya ƙarƙashin gora kamar masu gaida surukai.

Ina ce musu, jirgi ba shi da sitiyari.
Ko direbansa ya gan ka, ko ya san sunan uwarka,
birkin da ya ja a nan
sai can gaban gidan mai zai kama.
Su ce, Baba, ai da saura, yana nesa.
Haka ne.
Babban abu in yana tahowa
kamar a tsaye yake.

Wata Talata, cikin yayyafin Agusta,
Davou ya iso da kekensa shaƙe da kabeji,
ga wata ɗaliba a gefe rungume da jaka.
Gora na ƙasa. Ya kewaye ta.
Tayar gaba ta haye,
ta baya ta faɗa ramin da ruwa ya ci tsakanin ƙarafan,
inji ya yi tari sau ɗaya, ya mutu.

Ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata.
Ban san sa'ad da na yar da tuta ba.
Na fizgo yarinyar, takalminta ɗaya ya zame.
Davou na murɗa makulli, yana sake murɗawa,
yana cewa, ban gama biya ba, ban gama biya ba.
Mama Kaneng ce ta cakumi wuyan rigarsa,
matar da ba ta ɗaga buhu sai an kama mata.

Ƙarar ba ta kai yadda na zata ba.
Kamar an taka gwangwanin madara.
Kabeji ya yi ta gangara cikin kwata,
kawuna suka leƙo ta tagogin taragu,
can nesa jirgi ya tsaya yana huci.
Davou na zaune a taɓo,
makullin har yanzu a hannunsa.

Yanzu keken wani yake ja, kullum sai ya kai balas.
In ya iso nan yakan tsaya cak, ko da gora na sama,
ya duba hagu, ya duba dama, ya kasa kunne.
Na bayansa na danna oda suna zagi.
Jiya mai tifa ya leƙo ya ce, matsa mana, baƙauye!
Bai tanka ba.
Ni da shi ba ma doguwar gaisuwa,
ya ɗaga hannu, in ɗaga tuta.

Takalmin yarinyar na nan a rumfata,
baƙi, na hagu, ba ta dawo ta karɓa ba.
Ƙarfe huɗu saura kwata.
Ga mai baƙin gilashi can tafe, bai rage gudu ba.
Bari in sauke gora.