Ƙashina Bai Narke Ba

Layi na huɗu, keke na tara.
A Gazipur nake ɗinka wuyan riga,
ɗari biyu kafin azahar,
da cikin wata biyar.

Kullum da laima a jikina,
fara kamar ruwan wankin shinkafa.
In wanke, ta dawo.
Uwata can Kurigram ta taɓa cewa
ƙashin mace ne ke narkewa yana zuba.
Sai na kwana ina lissafi:
nawa ya rage a ƙuguna,
nawa zai ishi ɗan.
Na sayi garin saiwa a bakin tasha, taka sittin,
na haɗiye ɗacinsa, ko Jalil bai sani ba.

Shefali ce ta same ni
ina shanya tsumma a bayan tankin ruwa.
Ba ta yi dariya ba. Ta ja ni sama,
ɗakin nas Protima, inda fanka ke kuka.

Da ƙasa na yi magana.
Ta ce, "Ɗago kai. Wane launi?"
Fari.
"Wari fa? Ƙaiƙayi? Zafin fitsari?"
Babu.
"To gida ne ke wanke ƙofarsa don baƙo na tafe.
Ƙashinki na nan daram.
Amma ranar da ya koma ruwan ɗorawa ko kore,
ko ya yi ƙarnin kasuwar kifi da yamma,
ko gudaji kamar madarar da ta tsinke,
ko kika ga jini,
ko ruwa tsararo yana bin ƙafa bai tsayawa,
bar rigar ƙarƙashin allura ki zo.
Kada ki jira ƙararrawa."
Ta karɓi ƙullin garina ta wurga kwando.

Bayan sati shida, ana ruwan sama,
na ga Rumki a keke na goma
tana gyara zama, tana jan mayafi ƙarƙashinta.
Cikinta wata bakwai.
Na sunkuya: wane launi?
Ta ce ba launi, tun safe yake bi.

Ni na kashe mata keken.
Mai duba layi na ihu, rigunan na jira,
muka sauka matakala a hankali.

An yanke mini kuɗin rabin yini.
Da dare na kira Kurigram,
na ce, Amma, zauna,
akwai abin da ba a gaya miki ba.