Harsashin Hannuna

Kwanso bakwai na tsinta a gindin dutsen Mbula,
jajaye, bakinsu a ƙone, biyu sun sha ƙasa.
Sabon harsashi ya fi ƙarfin aljihuna bana,
bika kuwa ba sa jiran farashi ya sauka,
masarata suke ɓarewa tun gemunta bai bushe ba.

Gwani Shekarau ya zaunar da ni a rumfarsa a Dass,
kwana uku ina kallo, bai bar ni na taɓa ba.
Ran na huɗu ya turo min ma'auni da yatsan ƙafa,
ya ce, "Wanda zai harba, shi ke awo."
Na auna, na ɗura, na rufe,
gumi na ɗiga daga haɓata kan tabarma.

Da dare na sa su a ƙarƙashin matashi,
sai barci ya ce ba da shi ba.
Na tuna Ɗan'azumi mai shayi a bakin tasha,
yadda yake riƙe kofi da yatsu uku,
sauran biyun sun tafi tare da bakin bindigarsa
wata Laraba da ya ce ƙari ba ya ɓaci.
Gani ga wane, in ji manya.
Na tashi na ƙirga nawa a cikin duhu,
goma, na sake ƙirgawa,
kamar mai sallama da baƙin da za su yi asubanci.

Na sha harba na kanti ban taɓa tunani ba.
Wani can da ban sani ba ya auna,
na ba shi amanar fuskata ban tambayi sunansa ba.
Yau da na san mai awon,
na san ranar da ya yi gyangyaɗi a salla,
na san ya taɓa zuba gishiri a koko,
sai gwiwata ta ƙi yarda da shi.

Da hantsi muka zaga bayan gona.
Gwani ya kifa tsohon kwanon sha a kan suri,
ya leƙa bayansa ko akwai mai kiwo,
ya dawo ya tsaya dab da kafaɗata.
Na ce, "Baba, ka ja baya mana."
Ya ɓantari goro.
"Na ga awonka," ya ce. "Nan zan tsaya."

Wanda ya raɗa wa abin nan kunama ya san aikinsa.
Yatsana ya je kusa, ya dawo.
Ya sake zuwa.
Kwanon yana rawa a saitina kamar ɗan maraƙi,
kurciya na kuka a tsamiya ba ruwanta.
Na yi bisimilla, na saki rabin numfashi,
na daina roƙon tsoron ya tafi,
na ce to zauna, mu harba tare.

Na ja.

Dutse ya amsa, ya miƙa wa ɗan'uwansa.
Gindin bindiga ya gaishe ni a kafaɗa,
gaisuwar da na sani, ba ƙari ba ragi.
Hayaƙi ya yaye.
Kwano na nan zaune lafiya lau,
surin ne ya rasa kunne guda.

Ban dubi kwanon ba tukuna, hannuna na duba.
Goma.

Gwani ya zare kwanson, ya shinshina,
ya juya shi a rana kamar mai sayen ƙwai.
"Awo ya yi," ya ce. "Idon ne ka rufe."
Can saman dutse wani tsohon bika
ya sosa ciki, ya dube mu, bai ko matsa ba.

Na laluba aljihu. Saura shida.
Hannun na ɗan rawa har yanzu,
amma shi ya zaɓo na biyu da kansa.