Aron Kunne

Sai da kogin Agidel ya fara ɗaurewa,
ƙanƙara ta kama gefensa kamar ƙanzo a tukunya,
sannan Baba Fanur ya dubi sama ya ce,
"Gobe. In muka ƙara kwana, mun ci amanarsu."

Amya goma sha tara a bayan gida.
Tun Talatar da rana ta ɗan leƙo,
suka fita, suka zaga, suka koma,
ko ɗaya bata sake fitowa ba.

Da duku-duku muka fito, ni da ƙanena Ilnar,
numfashinmu fari fat yana riga mu gaba.
Baba ya bi ƙofofin ya toshe da tsumma.
"Kar ku girgiza," in ji shi,
"a dunƙule suke, suna ɗumama juna.
In kun tashe su, za su cinye abincin Maris tun a Nuwamba."

Sanduna biyu, igiya, amya a tsakiya,
kamar masu kai majinyaci bakin mota.
Ilnar gaba, ni baya,
ƙafa ɗaya, sannan ɗaya,
dusar ƙanƙara na ƙara ƙarƙashin takalma.
Matakala bakwai zuwa omshanik,
ɗakin da kakanmu ya haƙa a cikin tudu,
mai ƙamshin ƙasa da kaki da tsohuwar ciyawa.
Jar fitila kaɗai muka kunna,
don ja a wurinsu duhu ne.
Masu ƙarfi a kanta ta ƙasa,
raunana a sama, inda ɗumi ke taruwa.

Ta goma sha huɗu ce ta ɗagu da sauƙi.
Hannuna ya sani kafin in sani.
Taron nan ne da muka kama a makare
a kan tuffar Inna Minigul, ƙarshen Yuli,
bayan furen yuka ya gama zuba.
Ilnar ya duba agogo, motar Ufa ƙarfe huɗu take tashi.
"Wannan ba za ta kai ba," ya ce. "Asarar wuri ce."

Baba bai ji shi ba. Ko kuwa ya ji, oho.
Ya zaro ɗan tiyon roba daga aljihu,
ya zura baki ɗaya a ƙofar amya,
ɗayan ya kai kunnensa, ya rufe ido.
Shekara talatin a injin yanka katako
sun tafi da kunnen nan tuntuni.
Ya daɗe a tsugune.
Sannan ya miƙo min, bai dube ni ba.
"Gulsasak, ara min naki."

Ya koya min tun ina ƙarama:
masu lafiya gunji suke a hankali, kamar kogi daga nesa,
masu yunwa kuwa sai ka ji kamar busasshen ganye.
Na saurara.
Akwai kogi.
Akwai kuma ganye a cikin kogin.

Ban ce komai ba, fuskata ya karanta.
Ya hau matakala bakwai ɗin, gwiwa na ƙara,
ya dawo da saƙar zuman da ya ɓoye don shayinsa,
wanda ko baƙo bai yanka wa ba.
Ya ɗaga murfi kaɗan, ya kwantar, ya rufe,
ya ɗora amyar can ƙololuwar kanta.

Ma'aunin bango ya nuna biyu.
Muka cire tsummokin, muka ɗana wa ɓera tarko,
muka kashe fitila.
Wata biyar ke nan a duhu.

A bakin ƙofa Ilnar ya karkaɗe hula, ya ruga tasha.
Baba ya naɗe tiyon, zai sa a aljihu,
sai ya fasa,
ya cusa shi a aljihun rigata.
"Duk sati biyu," ya ce da ƙarfi, irin na kurame.
"Ki zo da sassafe. Kar ki sa turare."