Makulli a Ƙetare

Ranar Talata, kafin azahar,
Malam Ɗanlami ya hawo benen sakatariya da sandarsa.
Shekara talatin da biyar yana shan ƙurar alli a Gwale,
ya zo a duba sunansa cikin 'yan fansho.
Na taɓa kwamfuta, ta ƙi ni.
Wani jan rubutu ya tare ƙofa kamar ɗan doka:
wa'adin lasisi ya cika.

Na ce, Baba, ka dawo jibi.
Ya ce, 'yata, sunan nawa ne ya ɓata?
Na ce yana nan ciki.
Ya ce, to, buɗe mana.

Da wane baki zan gaya wa dattijo
akwatin namu ne, takardun namu ne,
amma makullin yana ƙetaren teku,
kuma ba ya juyawa sai an shafa masa dala?
Ya sauka a hankali.
Har yanzu ina jin sandar a kan matakala.

Nan Kano ce fa!
A Ƙofar Ruwa ana kwance injin
da maƙeransa suka daɗe da yi wa jana'iza,
a tashe shi ya kai tumatir Legas.
Ɗan yayata Tasi'u, a Fam Santa,
da ɗan tsinke da fitila
yake farfaɗo da wayar da ta kwana a kwata.
Na kira shi. Ya duba, ya ja tsaki:
Inna, ba gyaran ne ya gagara ba.
An liƙe cikin,
an kuma rubuta a yarjejeniya
duk wanda ya leƙa ya yi laifi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo,
amma mu an hana mu hawa rufin.

Ku da muka tsaya a rana muka aika majalisa,
ba rijiyar burtsatse na zo roƙo ba yau.
Doka nake so, 'yar gajera,
wadda ko mai shayi zai iya haddacewa:
manhajar da aka saya da harajin mai kayan miya
a bar cikinta a buɗe,
a karanta, a gyara, a ba maƙwabci.
Takardar haihuwa, takardar fili, katin asibiti,
a ajiye su yadda jikan jikana zai buɗe
ba tare da ya nemi izinin wani kamfani ba,
wanda wataƙila a lokacin ma ya mutu.

Za ku ce abin da ke buɗe ɓarawo zai shiga.
Ni kuwa a ofis na tsufa,
na san ɓera ya fi ƙiba a ɗakin da ba a leƙawa.
Wanda ya yi ha'inci a mudu tsakiyar Kurmi,
ido nawa ke kansa?

Ban ce babu kashe kuɗi ba.
Za a biya, amma a biya su Tasi'u,
kuɗin ya kwana a Fagge, ya sayi shinkafa a Dawanau.
In muka gyara tamu, Katsina ta ɗiba.
Ɗibar wuta ce:
maƙwabciya ta tafi da garwashi a kasko,
murhunki bai ragu da komai ba.

Kayan aro ba ya rufe katara,
balle wanda ake sake biyan aronsa duk shekara.

Alhamis Malam Ɗanlami ya dawo.
Jan rubutun yana nan inda na bar shi.
Na jawo tsohon littafin rajista daga ƙasan durowa,
na kaɗe shi, na rubuta sunansa da biro.
Ya sa tabarau, ya bi harafin da yatsa,
ya ce, wannan dai ko ba kya nan a karanta.