Abin da Teku ta Ajiye

Da azahar na sauka Chorkor sayen kifi.
Silifas ɗina ya tsinke a bakin kwata,
na taka yashi da tafin ƙafa,
wayyo, kamar na hau kaskon masa.
Na ruga ina tsalle-tsalle,
'ya'yan masunta suna sheƙa dariya,
har na afka ruwa zuwa idon sawu.
Sanyi.
Rana ɗaya ce a kansu su biyu,
tun hantsi take dukansu babu zaɓi,
ɗaya ya kama da wuta,
ɗaya ko a jikinta.

Naa Ayele mai ƙyafe kifi
ta miƙo mini zaren koma in ɗaure takalmi.
Da Hausarta ta kasuwa ta ce:
Yashi ba shi da ciki, ɗana.
Duk abin da rana ta ba shi
a fuska yake tarawa.
Tona ɗani guda, ka ji sanyi.
Ita kuwa waccan,
ta nuna da tsinin wuƙa,
haske na ratsa ta har inda ido bai kai ba,
igiya ta juya na sama ya koma ƙasa,
ta raba zafin loma-loma,
wani ya tashi tururi ya yi tafiyarsa.
Kafin ka ɗumama ta
ka ƙone itacen Kumasi kaf.

Iska na busowa daga ruwa lokacin,
tana cike gurbin wadda ta yi zafi ta hau sama,
ita ce ke busar da shanyarmu a Sabon Zango.
Na biya, na bar kifin a kan waya,
ta ce in dawo bayan isha'i.

A tiroturo na tuna Mumuni.
Ranar da muka kai Baba Awudome
shi ya faɗi a bakin kabari,
sai da mutum uku suka riƙe shi.
Kafin sadakar bakwai
yana gaban talabijin yana ihun ƙwallo.
Ni na ƙirga kujerun haya,
na biya mai tanti, na raba goro,
idona ƙamas.
Na ji Gwaggo Fuseina a bayan labule:
wannan, dutse aka sa masa a ƙirji.
Na yarda da ita.
Wata huɗu ke nan ina yarda da ita.

Bayan isha'i na koma.
Yashin nan da ya gasa ni
ya mayar wa sama duk abin da ya karɓa,
ya yi sanyi kamar dandamalin masallaci da asuba.
Iska ma ta juya,
yanzu daga gari take, da warin hayaƙi da kanwa,
tana tura bayan jiragen da za su fita.

Ban san me ya sa na naɗe wando ba.
Na shiga.
Ɗumi.
Ɗumi irin na ruwan alwala
da yake rage mini a buta
in na makara,
ya kife kwano a kai kada ya huce.
Rana ta faɗi tun ɗazu,
amma ga ta nan, a kewaye da ƙwaurina,
ba ta je ko'ina ba.

Na tsaya har igiya ta jiƙa aljihuna.
Gishirin da ke bakina
ba duka na teku ba ne.

Naa Ayele ta kira daga gindin murhu:
Kai mai tsinkakken takalmi,
kifinka zai huce!
Na ce ina zuwa.
Ban motsa ba.