Ginzo a Kan Allo

Na ɗauki alli na ja layi,
ya taso daga kudu, ya karkace, ya miƙe arewa.
Na ce, “Ku rubuta: wannan kogi ne, sunansa Ginzo.”
Muntari daga bencin baya ya ɗaga hannu:
“Malam, wanda ke bayan shagon mai faci?
Ai lambatu ne.”
Aji ya kwashe da dariya.
Ni ma na murmusa, don yaron bai yi ƙarya ba.

A taswira zare ne, ɗigo bayan ɗigo,
alamar ruwan da damina ke kawowa
kaka ta yi masa rakiya.
Ba shi da kwalekwale, ba shi da masunci.
Gefen gari yake bi, kansa a sunkuye,
ya gaida Ƙofar Durɓi,
ya raɓi Ƙofar Marusa,
ya wuce Ƙofar Sauri ba ya sauri,
ya fice daga Katsina ba wanda ya ce a sauka lafiya.

Iyakar abin da manhaja ta nema ke nan.
Sauran, a bakin kakata Tasalla na ji shi.

Ba ta taɓa tsallaka shi da takalmi ba.
Sai ta tsaya, ta yi sallama,
ta saurara kamar mai jiran a ce shigo.
Yaron da ya yi fitsari a ciki
ranar kunnensa zai san tana da ƙarfi.
Da rani, in ya zama rairayi zalla,
ta durƙusa da ƙoƙo ta tona kamu biyu,
ta zauna tana jan carbi
har ruwa ya tsattsafo, sanyi ƙalau.
“Ka gani? Bai tafi ba. Halwa ya shiga.”
Ƙoƙon farko nasa ne, ta mayar masa.

Babana ya ce, “Inna, wannan canfi ne.”
Ta ce, “Na taɓa yi masa sujada?
Maƙwabci ne, ya riga mu zama unguwar,
kuma kai ne mai karatu:
gaya mini hakkin maƙwabci.”
Bai sake tayar da zancen ba.

Yau abin da muke aika wa maƙwabcin:
leda, ruwan wanki, baƙin mai,
karyayyar kujera, mushen kaza.
Yana karɓa. Bai taɓa maido ɗan aike ba.
Ƙasa kaɗan, Bara'u na nan da injin ban ruwa,
kunya bayan kunya, latas da kabeji da albasa.
Kwaɗon da muka yi buɗa-baki da shi bara,
wa kuke tsammani ya shayar da shi?

Sau ɗaya na ga ya yi magana.
Daren Agusta, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
ya tashi jawur, ya bi lungu,
ya shiga ɗakuna ya ɗaga tabarmi.
Da safe muna tsamo tukwane a laka
ana cewa kogi ya ci iyaka.
Na tuna inda Tasalla ke tona rairayi:
a nan aka kafa harsashin ɗakin da ya faɗi.

Aka kaɗa ƙararrawa.
Muntari ya zo zai goge allo,
na ce ya goge kwanan wata, ya bar layin.

Da la'asar na tsaya kan gada, keke a hannu.
Wari ya buso. Wata akuya na tsinke a gaɓa.
Ruwan baƙi ne, siriri, amma yana tafiya.
Na duba dama, na duba hagu,
na ce, ƙasa-ƙasa, “Salamu alaikum.”

Wani mai rake da ban lura da shi ba
ya amsa, ya ce na nawa za a yanko.